Rawanin da Na Naɗa wa Rabe

Utaibiyya, Makka
Jumada Ula, 1374

Zuwa ga Malam mai amsa wasiƙu,

Salamu alaikum. Malam, ka taimake ni ka saurare ni har ƙarshe, don shekara goma sha ɗaya ke nan, tun ranar da muka kai matata Fatsuma makwancinta, ba wanda ya ƙara jin maganata har ƙarshe a gidan nan. Da na buɗe baki sai a ce "to Baba", a miƙe a tafi. Na san wannan "to Baba" ɗin sarai. Irinta ake yi wa yaro in ana so ya yi shiru.

Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba na ajiye. Malam Tijjani tela ne ke rubuta min wannan, shi ne ya taɓa makarantar boko a Zariya kafin ya zo. Shi ke karanta mana jaridarku a shagonsa in alhazai sun naɗo kaya da ita, ko da ta yi wata biyar. Na rantsar da shi kada ya gyara min magana, kada kuma ya fitar da ita. Kai ma kada ka gyara.

Mutumin Kura ne ni. Shekarar babbar yunwa muka fito a ƙasa, muka yi shekara shida a hanya, muna noman auduga a Sudan, kafin mu haye teku daga Sawakin. A nan Makka na yi shekara talatin ina ga-ruwa, garwa biyu a sanda, ina hawa benaye masu hawa biyar. Har yau akwai kanta a kafaɗata, in ka zo aikin hajji na nuna maka. 'Ya'ya biyar Allah ya ba mu, ya karɓi huɗu, ya bar min Rabe.

Na ce a riƙa yi wa jikokina Hausa, aka ce to Baba. Yau ga su nan suna ce min "ya Sidi" kamar wani Balarabe. Na ce kada a sare kurnar da ke ƙofar gida, aka ce to Baba, aka sare. Amma babbar maganar ita ce babur, wanda mutanen nan ke ce wa dabbab. Shekara shida Rabe na hawa shi, yana kai wa wani attajiri saƙo tsakanin Makka da gonakin dabinonsa na Wadi Faɗima. Tun ranar farko na ce masa, abin da ba ya iya tsayuwa da ƙafarsa sai an jingine shi, yaya za a yi ya riƙe mutum? Jaki in ya ga rami tsayawa yake. Wannan ba ya ganin komai. Ya yi dariya ya sumbaci kaina ya ce to Baba.

Yau kwana goma sha tara ke nan da ya faɗi.

Ku a gida kuna tsammanin ba a sanyi a Makka. Ana yi. Ranar an wayi gari da yayyafi, ruwan farko bayan wata goma, ga iska mai shiga ƙashi. Ya fita bayan sallar asuba. Hantsi bai yi ba wani direban lori ya kawo mana shi a sume, ya tsince shi a gefen hanya gaba da Zahir kaɗan. Ya kwana biyu a asibiti. Likitan Bamisre ne, ya ce ƙashin kai bai fashe ba, alhamdu lillahi, amma ƙwaƙwalwa ta bugu a ciki. Ya ce a kai shi ɗaki mai duhu, ba hayaniya, ba aiki, ba hawa babur sai shi ya ce.

Malam, ɗana ya dawo amma kamar an rage shi. Kwana ukun farko tambaya ɗaya yake ta yi, an yi sallar asuba? A ce an yi. Jim kaɗan ya sake. In an ɗaga labule sai ya rufe ido kamar an watsa masa barkono. In ya yi ruku'u jiri ya kwashe shi, sai a zaune yake salla, mutum mai shekara talatin da biyu, ni mai saba'in da ɗoriya ina yi a tsaye. Yaron da bai taɓa ɗaga murya ba ya daka wa 'yarsa tsawa don cokali ya faɗi a faranti, sa'an nan ya fashe da kuka. Yanzu da sauƙi, yana cin abinci, yana gane kowa. Amma ciwon kai bai sake shi ba.

To ga ƙarar da na kawo. Matarsa Ramlatu ce. Haihuwar Sudan ce, yarinyar kirki, ban hana ta wannan ba, tuwonta ko Fatsuma sai haka. Amma ta hana dubiya.

Ranar da aka sallamo shi unguwa ta cika gidana. Mutum arba'in da uku na ƙirga. Hausawa, Barebari, har Larabawan da na shekara ina kai wa ruwa. Ɗakin ya cika, ana addu'a, mata na salati, ana zuba shayi. Na ce a raina, ashe ban yi zaman banza a garin nan ba. Gaskiya ne Rabe ya yi amai, ya riƙe kai yana cewa a fitar da su, da Larabci ma, kamar ya manta harshen uwarsa. Amma ciwo ne ke magana. Tun daga ranar Ramlatu ta rataya bargo a taga, ta ɗauko tire na shinkafa ta zauna a bakin ƙofa tana tsinta, ba mai wucewa. Ta mai da liman. Ta mai da umda, wato mai unguwa. Ta mai da Wada, Malam! Wada da muka hau jirgin ruwa ɗaya, wanda ya yi wa Rabe huɗuba a kunne ranar da aka haife shi. Ya tako da sandarsa tun daga Kudai, aka ce masa an gode, maras lafiya na barci. A ina aka taɓa yin haka? Da wane ido zan dubi mutane a masallaci? In na mutu gobe wa zai zo, tunda gidana ya zama gidan da ake korar masu dubiya?

Ni ma da sharaɗi nake shiga. Ta ce in ajiye muryata a waje tare da takalmi. Muryar da na shekara talatin ina kiran ruwa da ita, yanzu ta ina zan fara rage ta? Na kawo Dawuda wanzami ya kafa masa ƙaho a ƙeya ya zuƙe mataccen jini, yadda aka yi min lokacin da na faɗo daga tsani ina da garwa a kafaɗa, ga ni kuwa da raina. Ta tsaya a ƙofa ta ce, Baba ka yi haƙuri, sai dai a fara da kaina. Dawuda ya naɗe zabirarsa ya tafi yana murmushi.

Wannan ita ce ƙarata. Malam Tijjani ya ajiye alƙalami yana kallona, ya ce ba don wannan na hana shi ɗinki tun safe ba. Tela ne, bai san komai ba. Amma tunda takarda ta rage, bari in ƙara wani abu.

Rabe ba ya tuna safiyar. Abu na ƙarshe da ya sani shi ne tuwon da ya ci da dare kafin ranar. Kowa ya ce santsin ruwa ne, shi kuma ya ƙi yarda. Ya ce shekara shida yana bin hanyar nan cikin ruwa da iska bai taɓa faɗuwa ba, wurin kuma miƙaƙƙe ne ba kwana. Yana kwance yana ta tono, yana cewa ko ganganci ya yi, ko hannunsa ne ya mutu, ko farfaɗiya ce ta same shi ba a gaya masa ba. In ya matsa wa kansa sai ciwon kan ya taso. Shekaranjiya na ji yana gaya wa Ramlatu cewa da ya samu ƙarfi zai hau babur ɗin ya koma daidai wurin, ko ganin wurin zai dawo masa da abin da ya faru. An riga an gyara babur ɗin, yana nan a zaure an lulluɓe shi da buhu. Na san ɗana. Taurin kansa ba daga uwarsa ya ɗauko ba.

Ni na san abin da ya kā da shi.

Ya kwana biyu yana tari kafin ranar. Na gan shi zai fita da 'yar hula da wani guntun ƙyalle a wuya. Na ce sanyi ta kunne yake shiga, ya tsaya. Na buɗe adakata na ɗauko rawanina ɗan Kura, baƙi mai sheƙi, wanda mahaifina ya naɗa min ranar da zan bar gida. Kamu goma sha biyu. Ya ƙetare Sudan da ni, ya hana ni rana, ya hana ni sanyi, sau ɗaya ma da shi muka jawo ruwa a rijiya. Ina jiran in ji "to Baba". Malam, bai faɗa ba. Ya kife turmi ya zauna, ya miƙo min kai. Na naɗa masa yadda aka naɗa min, na ja amawali ya rufe hanci, na sakar masa jela a baya har ƙasan ƙugu, domin kuwa haka namiji ke sa rawani. Ramlatu ta leƙo daga madafa ta ce jelar ba ta yi tsawo ba kuwa? Na ce ta kula da tukunyarta. Rabe ya dubi kansa a madubin babur ya ce yau kam sai a kira shi Madugu. Na tsaya a ƙofa ina kallon jelar tana kaɗawa har ya sha kwana. Rabona da jin daɗi irin na safiyar nan tun Fatsuma na da rai.

Da la'asar aka kawo babur ɗin, kowa na asibiti. Na je zaure don in zage shi. Sai na ga baƙin ƙyalle ya nannaɗe a wayoyin ƙafar baya, ya cusa har cikin sarƙa, wajen kamu ɗaya. Na sa wuƙa na ciro shi. Shuni ya kama min yatsu, na kwana uku ina ɓoye hannu a aljihu. Sauran rawanin direban ya ɗaure masa kai da shi, ya ɓaci da jini, aka yar a asibiti, ba wanda ya auna tsawonsa. Guntun yana cikin adakata.

Ramlatu ba ta ce komai ba. Kullum da safe ni take fara kawo wa shayi da madara, ta durƙusa ta ce Baba an tashi lafiya. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Shekara goma sha ɗaya ina cewa ba a jin maganata. Rana ɗaya aka ji.

Saboda haka ka amsa min, kuma ka buga a jarida baƙi da fari, kowa ya gani an ba ni amsa. Ni ke da gaskiya a kan dubiya ko ita? A yi ƙaho ko kada a yi? Wancan ɗaya abin kuma, in gaya masa ko in tafi da shi kabari? In na gaya masa, zai ƙara miƙo min kansa? Na tambayi liman a kaikaice ya ce ƙaddara. Na san ƙaddara, na girme shi. Kada ka ce min ƙaddara, kada kuma ka ce min to Baba. Wani ya amsa min ko sau ɗaya kafin in mutu.

Tsohon Ga-ruwa, Utaibiyya


AMSA

Baba Alhaji, wa alaikumus salam. Na karanta har ƙarshe, sau biyu, ban gyara ko kalma ɗaya ba. Na kuma aiko maka da wannan amsa ta jirgin sama tun kafin a buga ta, don maganar ba ta jira.

A kan dubiya, surukarka ke da gaskiya, amma kai ma ba ka yi laifi da ka ji ciwo ba. Mutum arba'in da uku ba sa tahowa gidan wanda ba su ɗauka da daraja ba, kuma mai da dattijo irin Malam Wada daga bakin ƙofa abu ne mai nauyi. Sai dai na kai wasiƙarka wurin wani likita abokina, ya ce abin da Bamisren nan ya faɗa shi ne daidai. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta bugu, haske da surutu da yawan fuskoki aiki ne a gare shi, kamar a ɗora wa mai karaya garwa. Aman da Rabe ya yi ranar shaida ce. Mantuwa, jiri, saurin fushi da kuka duk na ciwon ne, kuma galibi suna wucewa a hankali, cikin makonni ko 'yan watanni, in an bar mutum ya huta.

Dubiya ba za ta mutu ba, wuri za ta sauya. Ka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, kai ne maigida, kai za ka karɓi gaisuwa, a nan muryarka za ta yi amfani. Da yamma ka shiga wurin Rabe ka faɗa masa sunayen waɗanda suka zo, a hankali. In ya ƙara samun sauƙi a riƙa shigar da mutum ɗaya, na ɗan lokaci, kuma Malam Wada ne na farko. Ramlatu ita ma ta je ta gaishe shi ta ba shi haƙuri, don gaskiya ba ta hana ladabi.

Ƙaho kuwa a bar shi. Abin da ya bugu yana can cikin ƙoƙon kai, ƙaho ba ya kaiwa wurin. Ga aikin da ya fi shi, tunda kai ke zaune a gida: in amai ya dawo, ko ciwon kai ya riƙa ƙaruwa, ko barci ya yi masa nauyi har ana wahalar tashinsa, ko wani ɓari na jikinsa ya saki, ko ya yi jijjiga, ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, a kai shi asibiti a lokacin, kada a jira kowa.

Yanzu wancan abin. Ka hana ni cewa ƙaddara, to ba zan fake da ita ba. I, jelar rawanin ce ta kā da shi. Kai ka sake ta, an yi maka magana ka ƙi ji. Wannan naka ne. Rabe kuma, wanda ya shekara shida da sanin abin da ƙafar babur ke yi wa tufa, bai cusa ta cikin riga ba, ina jin don kada ya ɓata naɗin ubansa a gaban ubansa. Wannan nasa ne. Naɗin da ka yi daidai ne ga mai tafiya a ƙasa ko a kan raƙumi, shi ka sani, da shi ka rufe ɗanka daga sanyi. Na tambayi likitan abin da ya sa wuyan bai karye ba. Ya ce ƙyallen ya yage ne. Rawanin shekara arba'in ya riga ya sha rana da wanki. Da sabo ne, da wata wasiƙar ka aiko min.

Ka gaya masa, Baba, kuma kada ka jinkirta. Ɗanka yana kwance yana tuhumar hannunsa da hankalinsa, yana shirin hawa babur da kan da bai warke ba don neman amsar da ke cikin adakarka. Bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ne abin da likitoci suka fi tsoro. Shirunka ya fi rawanin haɗari yanzu. Ka zaɓi safiyar da kansa ya lafa, ka shiga kai kaɗai, ka sa masa guntun a hannu, ka faɗa a gajarce. In ya yi fushi ka bar shi ya yi. Babur kuma a mai da wa attajirin da yake wa aiki, ya bar zauren, sai likita ya ba da izini.

Ranar da zai koma hawa, ga sharuɗan da za ka kafa, kuma wannan karon a ji maganarka. Hular kwano mai igiya a haɓa. Kada komai ya yi reto, ko rawani ko mayafi ko bakin riga. Safar hannu, don yatsun da sanyi ya ƙandare ba sa kama birki. Ranar ruwan farko ya jira rana ta fito hanya ta sha iska, kuma kada ya ratsa kwarin da ruwa ke gudu.

Ramlatu ta sani. Wadda ta ga tsawon jelar da safe ba ta bukatar a nuna mata guntu. Duk kwanakin nan tana tsaron kan mijinta a ƙofa ɗaya, tana tsaron mutuncinka a ɗaya. In ta kawo shayi gobe, ka ce ta zauna.

Ka ce in buga, na buga. Sai dai ka lura, tsofaffin 'yan ga-ruwa nawa ne a Utaibiyya masu ɗa mai babur? Jaridar nan za ta iso shagon Malam Tijjani tare da alhazan bana. Ina jin ka san haka tun da ka ce a buga. Ka riga ta shiga ɗakin.

Ko zai ƙara miƙo maka kansa? Ba ni da tabbas a kan zuciyar wani. Amma mutumin da ya kife turmi ya zauna don ubansa ya ji daɗi, ba shekara goma sha ɗaya ya yi ba ya jin ka ba. In hular kwanon ta zo, kai za ka ɗaura masa igiyar.

Allah ya ba Rabe lafiya mai ɗorewa, ya saka wa Ramlatu, ya ƙara maka kwana. In kana ɗawafi ka sa mu a addu'a. Kantar kafaɗar kuma ka ajiye min, ina nan zuwa in gani in Allah ya kira.

Ɗanka,
Abubakar